Shugaba a Cikin Ƙunshi

Ranar Asabar da hantsi, 'yan makonni bayan zaɓe, kwamitin Ƙungiyar Masu Casar Shinkafa ya zauna a saman benen ofishinsa don ya gano dalilin da ya sa har yanzu mutum biyu ne ke ba da umarni da sunan shugaba.

A takarda shugaba ɗaya ne, Alhaji Barau, wanda ya ci zaɓe. Wanda ya faɗi, Alhaji Namadi, ya daɗe a kan kujerar har sababbin membobi suka ɗauka tare aka sayo su. Amma ya sauka cikin mutunci. Ya miƙa mabuɗin ofis, ya miƙa hatimi, ya rungumi Barau a gaban mai hoto, ya ce mulki na Allah ne. Wayarsa ce kawai bai miƙa ba, kuma babu wanda ya nema, tunda tasa ce.

Ƙungiyar tana da manhaja a intanet, wadda wata injiniya mai suna Balaraba ta gina mata a zamanin Namadi. Da ita ake kiran taro, da ita ake aika sanarwa, da ita kuma ake rabon layin babbar motar ƙungiya mai kai shinkafar membobi kasuwa. Mamba ya nemi mota, shugaba ya danna amincewa, saƙo ya faɗa wayar direba.

Direban, Dogara, shi ya fara ɗanɗana sabon zamani. Barau ya tura shi gabashin gari ya ɗauki kayan wani mamba. Bai kai gada ba saƙo ya shigo cewa shugaba ya soke, a nufi yamma, injin Alhaji Namadi. Ya juya. Bai yi nisa ba wani saƙon ya ce shugaba ya soke sokewar. Haka ya wuni yana zagaya shataletale, har masu sayar da rake a wurin suka fara yi masa sannu da ƙoƙari. Ranar motar ta sha mai kamar ta je Legas, ba ta ɗauki ko buhu ɗaya ba.

Daga nan abin ya zama jiki. Barau ya kira taro, sanarwa ta biyo baya cewa an ɗage taron sai abin da hali ya yi. Ran Juma'a kowane mamba ya samu gaisuwa biyu, dukansu daga Shugaba. Kuma a kowace karawa Namadi ke cin nasara, don shi da ya taɓa waya take buɗe masa, Barau kuwa da ya ɗan ajiye tasa ya sha shayi sai manhajar ta kore shi ta ce ya sake shigar da kalmar sirri. Kafin ya tuna ta, ko ya kira sakatare ya tuna masa, mota ta riga ta kama hanyar yamma.

Da farko aka ce masu kutse ne daga ƙasar waje, kamar dai Turawa sun rasa aikin yi sai rabon layin motar shinkafa. Sai aka ce asiri ne. Da waɗannan suka ƙi zama, mataimakin shugaba, Alhaji Ilu, ya kawo bayani mafi sauƙi: an sayi yarinyar da ta gina manhajar.

Maganar ta zaga kasuwa kafin la'asar. Ƙungiyar masu albasa da ta masu kifi, waɗanda suka gama shirin ba Balaraba irin wannan aikin, suka aiko cewa za su ɗan dakata su ji abin da kwamiti zai yanke. A gari irin wannan, in aka ce injiniya tana sayar da mabuɗin mutane, ta gama aiki, sai dai ta koma liƙa gilashin waya a bakin titi. Da wannan a ranta ta hau benen ranar Asabar ɗin, jakar kwamfuta a kafaɗa.

An gayyaci Namadi a matsayin shaida. Ya riga kowa zuwa, ya zauna a kujerar shugaba, wai mantuwa ce. Sai da aka yi ta lallashi kafin ya matsa zuwa ta gefe, ya ja ta har hannunta ya taɓa na wadda ya bari.

Barau ya gyara babbar riga ya ce, “Injiniya, tambaya ɗaya gare ni. Waye shugaban ƙungiyar nan?”

“Kai ne, Alhaji.”

“Na'urarki ta san da haka?”

“Rumbun bayanai ya sani. Da hannuna na canza sunan ranar zaɓe da yamma, sakatare yana tsaye a kaina.”

“To wane ne yake wasa da Dogara kamar ƙwallo?”

Namadi ya ɗaga wayarsa sama ya juya ta hagu da dama don kowa ya gani. “Ni dai ban roƙi kowa ba. In na buɗe, abin da take ce min ke nan: Barka da zuwa, Shugaba. Na'ura ba ta da dangi, ba ta cin hanci, ba ta karɓar atamfa ranar zaɓe. In ƙaryata ta?”

“Na'ura ba ta cin hanci,” in ji Ilu, “amma mai na'ura tana da baki.” Ya dubi Balaraba. “Ke 'yar nan, faɗa mana gaskiya tun muna mu kaɗai. Me ya ba ki?”

“Ciwon kai, Alhaji. Shi kaɗai na taɓa samu a wurinsa kyauta.” Ta miƙa hannu. “Baba Namadi, ara min wayar in duba.”

“Ki duba daga nan. Idonki ƙalau yake.”

Ba ta ja ba. Ta buɗe kwamfutarta a kan tebur, ta yi 'yan danne-danne, ta tsaya, ta matso da fuska. Sai ta jingina da kujera ta rufe baki da gefen mayafi.

“Dariya ma take yi,” in ji Ilu.

“Ku yi haƙuri. Na gan shi. Yana nan a kwance, ko ƙura bai yi ba.”

“Wa?”

“Shugaba.” Ta gyara zama. “Bari in yi bayani, don Allah kada a katse ni. Babbar na'urar da manhajar ke zaune a kanta, wadda muke kira saba, ba ta riƙe fuskar kowa. Ka danna yanzu, ka sake dannawa bayan ƙiftawar ido, a wurinta baƙo ne ya shigo.”

“Kamar kansila bayan an rantsar da shi,” in ji Dogara daga bakin ƙofa, inda ya tsaya ba da gayyata ba.

“To don kada ta dame ka da tambayar waye kai a kowane danni, ranar da ka shiga da kalmar sirri sai ta tattara ka: sunanka, muƙaminka, abin da aka yarda ka taɓa, da aikin da ka bari a buɗe. Ta mayar da su rubutu a jere, ta ƙunshe, ta ajiye. Wayarka kuma ta ba ta 'yar lamba, irin wadda mai ajiyar kaya yake bayarwa a tasha. Duk sanda ka dawo, waya ta nuna lamba, saba ta ɗauko ƙunshin, ta kwance, ta sake haɗa ka yadda kake ranar da aka ƙunshe ka. Wannan shi muke kira seshan.”

“To sai me?” in ji Barau.

“To ba ta duba ko mai lambar ya yi furfura, ko ya yi tumbi, ko ya faɗi zaɓe. Abin da aka ƙunshe take kwancewa. Shi kuwa Baba Namadi yana shugaba aka ƙunshe shi.”

Namadi ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka karanto masa tarihin kakanninsa.

“Ni fa?” in ji Barau. “Ni me ya sa take korata kamar na zo bara?”

“Saboda ƙunshin kowa yana da wa'adi. In ka ɗan jima ba ka taɓa waya ba, sai a zubar da shi. Ka sake shiga, a leƙa rumbu a ga matsayinka na yau, a yi maka sabo. Haka ake yi wa kowa.”

“Shi kuma?”

“Nasa ba shi da wa'adi.”

“Wa ya cire?”

“Ni.”

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Ilu ya miƙe tsaye yana nuna ta da hula. “Kun ji ko! Da bakinta! Ni dama tun da na ga yarinyar nan na ce idonta ya cika buɗewa!”

Balaraba ta bari ya gama, ya zauna, ya mayar da hular. Sannan ta ce, “Ranar da aka ƙaddamar da manhajar, a ɗakin nan, Baba Namadi ya shigar da kalmar sirri ta ƙi shi, ya sake ta ƙi, a gaban membobi da baƙi. Ya ajiye wayar ya ce, ni na kawo na'urar nan garin nan, ita ce za ta riƙa tambayata ko ni waye? Ya ce in gyara kafin a raba lemo. Na ce akwai haɗari. Sai mataimakinsa na lokacin ya tashi ya ce ai shugaba ba a tambayarsa, in yi abin da aka ce. Aka tafa.”

Kowa a ɗakin ya san waye mataimakin Namadi na lokacin, kuma kowa ya sami wani abu mai ban sha'awa da zai kalla a silin.

Barau, mataimakin na lokacin, ya yi gyaran murya. “Wancan zamani ne daban.”

“Haka ne, Alhaji. Ni ma ina da nawa laifin. Na bar saba ta yarda da abin da ke cikin ƙunshi ba tare da ta leƙa rumbu ta tabbatar ba. Na ɗauka in mutum ya sauka zai danna inda aka rubuta Fita. Maɓallin yana nan a kusurwar sama, ja ne, ba ya ɓuya. Tun da aka gina manhajar yatsansa bai taɓa bi ta wurin ba.”

“In fita in je ina?” in ji Namadi.

Barau ya ce yana so ya ga ƙunshin da idonsa. Ta juya masa kwamfutar. Ya sa tabarau, ya sunkuya, sauran suka taru a bayansa. Wasu 'yan layuka ne na haruffa da lambobi a cunkushe, ba su kai rabin allon ba.

“Shi ke nan?” in ji Barau. “Duk girman nan nasa?”

“Shi ke nan. Ga suna, ga muƙami, ga izini.”

“Wannan na ƙasa fa?”

“Aikin da ya bari a buɗe ranar. Gina wa membobi filin shanya. An rubuta, ana kan aiki.”

“To wannan kam bai tsufa ba,” in ji Dogara. “Jiya ma awaki na gani a wurin.”

Namadi ya ce bai zo nan don direba ya zage shi ba. Barau ya ce babu wanda ya ce direba ya shigo, amma bai ce ya fita ba. Sannan ya tambayi Balaraba ko ana iya kashe abin.

“Yanzu ma. Danni ɗaya ne.”

“Tsaya!” Namadi ya ɗaga hannu. “Haka kawai? Ba sanarwa, ba wa'adi, ba kwamitin miƙa mulki?”

“An yi, Alhaji,” in ji Barau. “Har hoto muka ɗauka.”

Ta danna. Babu abin da ya yi ƙara, babu abin da ya yi hayaƙi. Namadi ya dubi wayarsa, ya shafa ta da babban yatsa yadda ya saba. Maimakon gaisuwar da ta daɗe tana yi masa, sai ga wani farin akwati fayau, da rubutu a samansa: Shigar da kalmar sirri.

Ya kalle shi ya daɗe. Ya gwada sunan ɗansa na fari, ta ƙi. Ya gwada lambar motarsa, ta ƙi. Ya gwada kalmar shugaba, da manyan baƙaƙe, ta ƙi.

“Wannan juyin mulki ne,” ya ce.

“Zan sabunta maka ita, Baba, ba wuya. Za ka shiga lafiya lau, a matsayin mamba.”

“Mamba,” in ji Namadi, kamar an ambaci wata cuta da ba a faɗa a gaban yara. Ya tattara rigarsa ya sauka, bai yi wa kowa sallama ba.

Ana haka aka kira azahar, aka ɗaga zama. Balaraba ta rufe kwamfuta za ta rataya jaka, sai ga hannu ya riga ta. Alhaji Ilu ne, wanda da safe ya ce an saye ta. “Haba 'yata, kawo in riƙe miki, benen nan yana da santsi.” Ya sauka da jakar a gaba kamar ɗan rakiyar amarya. A ƙasa ya ja ta gindin dogonyaro, ya tsaya yana magana ƙasa-ƙasa, yana dunƙule hannu yana buɗewa, yana waiwaye. Har aka tayar da salla bai gama ba, sai da gudu ya sami raka'ar ƙarshe. Waɗanda suka gan su daga nesa suka ce Alhaji Ilu mutumin kirki ne, haƙuri yake ba ta.

Bayan salla Barau ya yi jawabi, kuma ya yi shi da kyau. Ya ce abin da ya faru darasi ne. Ya ce kujerar ƙungiya ba gadon gidan kowa ba ce. Ya ce daga yau ƙunshin kowa, babba da yaro, sai da wa'adi, kuma duk sanda za a kwance shi sai an leƙa rumbu an tabbatar mutum yana nan a matsayinsa. Ya ce shi a zamaninsa ba za a sake samun wanda zai manne wa mulki ta ƙofar baya ba. Aka tafa. Ilu ya fi kowa tafawa.

“Batun Injiniya kuwa,” in ji Barau, “ko tana da hannu ko ba ta da shi, zan ɗan gana da ita kafin kwamiti ya fitar da matsaya. A ba mu wuri.”

Aka fita. Ya bi bayansu ya tura ƙofa, ya leƙa taga, ya ƙara wa fanka gudu. Sannan ya dawo ya zauna a kujerar da Namadi ya bari, ya ja ta kusa.

“Injiniya, kin yi ƙoƙari. Ni dama ban taɓa zarginki ba.”

“Na gode, Alhaji.”

“Shugaban masu albasa ya kira ni ana fitowa daga masallaci.”

“Me ka ce masa?”

“Na ce muna kan bincike.” Ya juya zoben azurfar da ke yatsansa. “Kin san bincike. Yana iya ƙarewa yau kafin la'asar. Yana kuma iya kaiwa damina mai zuwa.”



“Wannan kalmar sirrin,” ya ci gaba, “tana ba ni wahala. Ba don kaina nake faɗa ba, don martabar ofis ne. A ce shugaba guda yana gaban jama'a, na'ura tana tambayarsa ko shi waye? Bai dace ba. Ke ma kin san bai dace ba.”

“Ana iya sa maka ta yatsa. Ka ɗora kawai ta buɗe.”

“A'a, ba wannan ba. Ta yatsa ai za ta leƙa rumbun nan naku, ko ba haka ba?”

“Za ta leƙa.”

“To kin gani. Rumbu kuwa kowa na iya sa hannu ya canza. Yau ke ce, gobe wani ne. Ni irin na Namadi nake nufi. A ƙunshe ni yau, yadda nake ɗin nan, a ajiye can ƙasa inda ba mai gani. Ba wa'adi, ba leƙe.”

“Wato ko an yi zaɓe...”

“Wa ya kawo maganar zaɓe? Zaɓe na Allah ne. Ni dai tanadi nake yi saboda zaman lafiyar ƙungiya. Ki yi min wannan, ni kuma kafin ki kai ƙasan benen nan masu albasa da masu kifi sun ji cewa kin fita fes. Magana tsakanina da ke, ko Ilu kada ya ji. Za a iya?”

Balaraba ta zuge jakarta, ta miƙe, ta rataya ta a kafaɗa.

“Za a iya, ranka ya daɗe, sai dai ka bi layi. Alhaji Ilu ya riga ka tun kafin a tayar da sallar azahar, kuma shi ma a matsayin shugaba yake so a ƙunshe shi.”